Ruwan Bai Kai Gwiwa Ba

Zuwa ga Lawali,

Gaisuwa, da roƙon Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ni za ka miƙo wa in karanta maka, kana cewa wutar walda ta gajiyar da idonka, kuma wannan miƙowar ita ce tushen abin da ya zaunar da ni rubutu yau. Ka ga na kira sunanka. Shekara ashirin da shida ina ce maka Malam, kai da ba malamin komai ba ne sai ƙarfe, don haka aka koya mini a Damagaram. Yanzu babu mai cewa na yi rashin kunya, kuma ina so maganar nan ta same ka kai tsaye.

Bari in fara da labarin gari, tunda kai mutum ne mai son a gama gaisuwa kafin a shiga faɗa. Arlit na nan, tana raguwa. Tun da kamfani ya rufe ramin haƙar ma'adinai na ƙarƙashin ƙasa layinmu ya rasa gida huɗu, mutanen Maraɗi da na Tawa sun ɗaure kaya sun koma inda aka binne cibiyarsu. Sabon ramin Imuraran da ake ce mana gobe za a buɗe tun autarmu Habsu na firamare, an karɓe takardarsa daga hannun masu ita, mu dai har yanzu goben muke jira. Fadarku ta ƙofar gida ta watse, saura abokinka Isufu da butar shayinsa. Yakan zuba kofi biyu bisa sabo, ya dubi kujerarka, ya shanye duka. Babban ɗanka yana Agadas da iyalinsa, lafiya lau. Ni ina nan a kwalejin da ka bar ni, ina koya wa yara sunayen kogunan da ba su taɓa gani ba.

Dokinka Akawal na raye. Haƙoransa sun ƙare, sai an jiƙa masa dusa, bayansa ya lotsa kamar tsohon gado. Shekara uku da rasuwarka, har yanzu in ya ji an ja ƙarfe a kan siminti sai ya ɗaga kai.

To ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Asabar Habsu za ta hau babbar mota zuwa Yamai da goɗiyarta. Za ta shiga gasar nan taka. Ita dai, mai kwana uku, wadda ka je sau ɗaya ka dawo ba ka ƙara ambaton sunanta ba.

Na taɓa ce maka ban ga abin da ya fi wannan gasa rashin hankali ba, kuma ban janye ba. Rana ta farko doki ya yi taku cikin ladabi a gaban alƙalai, ya juya inda aka ce, ya tsaya inda aka ce, kamar ɗan makaranta a gaban mai duba malamai. Rana ta biyu a sake shi cikin daji a guje ya yi ta tsallake gungumen icce da ramuka da ruwa, shingayen da ko an buge su ba sa faɗuwa, sai dai wanda ya buge su ya faɗi. Rana ta uku, in akwai sauran doki da sauran mutum, su koma fili su tsallake sanduna. Wa ya zauna ya ƙirƙiro wannan? Wanda ba shi da ƴaƴa, ina jin.

Amma kai ka so ta, kuma ban taɓa tambayar ka dalili da kunnen mai son jin amsa ba. Na dai san inda ta same ka. Lokacin da Nasarun kamfani ke da bargar dawakinsu a bayan unguwarsu, kai ake kira ka gyara ƙofofi da ƙafafun sandunan tsallake. Sai ka gama walda cikin awa ɗaya, ka tsaya awa biyu kana kallo. Da suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, wani ya bar maka ɗan baƙin doki da sirdi da littafin dokokin gasar da Faransanci. Wasu mazan sun gaji firiji da fanka daga Nasara. Kai ka shigo mini da abin da ke cin harawa a garin da ko ciyawa sai an kawo ta a mota.

Ka gina filinka a bayan gari da abin da gari ya zubar. Tayoyin manyan motocin haƙa da suka fi mutum tsawo, ka binne rabinsu a ƙasa. Tsofaffin tanon mai, gangunan ƙarfen nan, ka cika da yashi. Bututun ƙarfe, ka yi musu fenti fari da ja. Busasshiyar ƙoramar hanyar Dannat ta zama raminka. Bayan sallar asuba kana can, kafin motar ma'aikata ta zo ka dawo ka yi wanka. Ranar Lahadi maza su bi ka su zauna kan tudu suna kallo, suna gardamar ko akwai mai kama ka a ƙasar nan. Abu ɗaya ne filinka ba shi da shi, kuma babu yadda za a yi ya samu. Ruwa.

Da takardar gayyata ta zo, sati biyu ka yi kana kawo mini littafin nan kullum bayan la'asar. Faransancinka na gareji ne, ya ishe ka sunayen ƙarafa da zagin shugaban aiki, bai ishe ka littafi ba. Ni ke karantawa ina juya maka da Hausa, kana zaune a kan turmi kamar ɗalibin da ya fi kowa son malama. Ka san abin da na tsinta a ciki wanda kai ba ka gani ba? Akwai babi guda a kan faɗuwa. An bayyana yadda doki ke bugun gungume da ƙafafun gaba, ya wuntsila a sama, ya sauko da dukan nauyinsa kan mahayi. Na karanta maka shi sau biyu, a hankali, da muryar da nake karanta wa ƴan aji labarin yaƙi. Ka saurara, ka ce Allah ya kiyaye, ka ce in ci gaba.

Sai muka zo kan hoton. Doki a tsakiyar ruwa, ruwan ya fantsama har ya rufe ƙirjinsa, mahayin ba a ganin komai nasa sai hular kwano. Ka daɗe kana kallo. Ka ɗora yatsa a kai, wannan yatsan naka mai tabon ƙuna, ka tambaye ni zurfinsa nawa.

Lawali, amsar tana shafin da ke kallon hoton. Layi ɗaya ne. Idona na kansa lokacin da kake tambaya. Na ce maka littafin bai faɗa ba. Na ƙara da cewa ruwan Yamai ai ruwan kogi ne, kowa ya san yadda kogi yake. Sannan na naɗe kusurwar shafin, na juya.

Wannan ne abin da ban taɓa faɗa maka ba.

Na yi tsammanin za ka fasa tafiya. Iyakar dabarata ke nan. Na san tun kana yaro a ƙauyenku wanka a tafki ya ci ƙanenka a gabanka, na san ko kwalbatin da ya cika da damina ba ka son ƙetarawa. Na ɗauki abin da ka faɗa mini a ɗaki don ka amince da ni, na ɗana maka shi a hanya. Ina da ƴaƴa uku, ina garin da ba ni da dangi, kuma na haddace babin faɗuwa. Waɗannan su ne hujjojina, na jera su shekara goma sha ɗaya kamar mai shirya jarrabawa, kuma duk ranar da na duba su sai in ga ko ɗalibin ajin farko ba zan ba shi maki a kansu ba. Me ya hana in ce maka ina tsoro, kar ka je? Girman kai. Na fi son in yi maka wayo da in roƙe ka.

Ba ka fasa ba. Ka tafi, ka dawo bayan kwana tara da ƙyalle ɗaure a ƙafar Akawal. Ka ce ranar farko ta yi kyau, har wani hafsan soja ya zo ya shafa wuyan dokin. Ka ce rana ta biyu ɗingishi ya kama shi a tsakiyar daji, dole ka sauka. Gari ya karɓa, aka yi ta zuwa jaje ana duba ƙafar doki kamar an yi haihuwa.

Ranar da ka iso ƙyallen na ƙafar hagu. Ranar Alhamis, bayan ka wanke shi, sai ga shi a dama. Ka tuna abin da na yi? Na fito da tiren abinci ƙofar gida, fada cike, na ajiye, na tambaye ka ko ciwon ne ya yi ƙaura, ko shi ma canjin wurin aiki aka yi masa. Aka yi dariya, don sun saba da bakina, kowa ya ɗauka wasa ne. Kai ba ka yi ba. Ka dube ni, ka sunkuya ka wanke hannu. Washegari ka kwance ƙyallen, ba ka ƙara sa wani ba, kuma ba ka ƙara amsa wata gayyata ba.

Na yi ta tambayar kaina me ya sa na faɗi haka. Ni na haƙa ramin, kai ka faɗa, na zo bakin ramin ina yi maka ba'a. Abin da na gano shi ne na ji haushinka da ka yarda da ni. Na ji haushin da ka ɗora wa dabba laifin da ba nata ba. Na fi jin haushin cewa ƙaryarka ƴar ƙaramar ƙanwar tawa ce, duk lokacin da na ga ƙyallen nan fuskata nake gani. An ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Wanda ya faɗi haka bai ga tawa ba, har jika ta yi.

Kai ka faɗi taka gaskiyar, ka fi ni. A gadon likita, lokacin da tarin nan da aka kasa ba shi suna ya mai da kai kamar sillen kara, wata rana da hantsi ka ce in matso. Ka ce motar ta lalace muku tsakanin Agadas da Tawa, kun isa a makare, sauran mahaya sun riga sun zagaya filin daji da ƙafa kamar yadda ake yi, kowa ya auna shingayensa. Kai kaɗai ka zagaya tsakanin azahar da la'asar. Ka taɓa kowane gungume, ka ƙirga taku. Da ka iso ruwan, ja ne, ba a ganin ƙasansa, sai ka kewaye shi. Na tambaye ka me ya hana ka shiga. Ka ce shekara talatin kana Arlit, ruwa abu ne da ake ɗauka da hannu biyu, ƙafarka ta ƙi ta sa masa takalmi. Ka ce ka yi tunanin tsoma sanda, amma akwai mai gadi yana kallonka, ba ka so a ce baƙauyen Arewa bai san ruwa ba.

Washegari kuka zo a guje, shinge goma sha uku a bayanku babu kuskure. Ka ce kunnuwan Akawal na gaba, yana jan linzami yana so. Kai ka ja shi. Ka ja har ya yi zamiya. Ka sauka, ka duƙa ka riƙe ƙafarsa don mutane su ga kana duba wani abu. Kana duƙen nan sai iska ta ka da tutar da ke tsakiyar ruwan, wani ma'aikaci ya naɗe wando ya shiga ya tsai da ita. Ruwan a ƙwaurinsa ya tsaya.

Ka yi dariya da ka zo nan, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ka ce da littafin nan ya faɗa, da ka shiga. Ka ce Nasara da son rubuta komai, sun manta da abu mafi muhimmanci. Ina riƙe da kofin ruwanka. Wace dama ce ta fi wannan? Na gyara maka matashi, na ce ka daina magana kar tarin ya dawo. Kwana shida bayan nan aka kai ka.

Habsu ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ita ta girma da labarin ɗingishi. Bayan rasuwarka ta ɗauki sirdinka ba ta tambayi kowa ba, ta sake fentin bututunka, ta samo wata goɗiya daga wani makiyayi a Gugaram, ana ce mata Gunya, mai taku kamar hajiya a gidan biki. Da asuba tana fili, ƙarfe takwas tana bayan kanta a famasi tana ba mutane maganin zazzaɓi. Wando take sawa a ƙarƙashin doguwar riga, hular kwanonka a kan ɗankwali. Masu magana sun yi sun gaji, wasu ni na taimaka musu suka gaji da wuri.

Ta san da su wa za ta kara. Sojoji waɗanda hawa shi ne aikinsu, da ƴaƴan manya waɗanda dawakinsu ke da likitansu na kansu. Ita ko likitan Gunya shi ne Isufu da kanwa. A bakinta cewa take ba kofi take nema ba, so take ta gama kwana ukun, a kira sunanta a lasifika a ce daga Arlit. Amma na ga takardar da ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, wadda ke bayanin yadda ake zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa a waje, ta ja layi a ƙarƙashin sharuɗɗan. Ƴarka ce, burinta ya fi bakinta girma. Kuma tana tsoro, kar ka ɗauka ba ta yi. Duk ranar da za ta gwada babbar tayar nan ba ta karyawa. Na ga tana ɗaure majayi tana sake dubawa. Ta ce mini ba faɗuwa ke hana ta sukuni ba, tsayawa ce, Gunya ta turje a bakin ruwa a gaban jama'a, don tun da aka haife ta ba ta ga ruwan da ya fi bokiti faɗi ba. Ta ce so take ta ƙarasa abin da ƙafar Akawal ta hana Baba.

Ba zan ɓoye maka ba, tsohuwar dabarar ta dawo mini. Habsu na karanta Faransanci fiye da ni, littafi ba zai yi aiki a kanta ba, amma uwa ba ta rasa hanya. Hawan jinina na nan, ana gobe tafiya in kwanta in ce kaina na juyawa, shi ke nan. Na yi kwana biyu ina juya wannan a raina. Sai na tuna fuskarka kana wanke hannu a ƙofar gida. Washegari na aro shebur.

Mun haƙa rami a bayan gida, ni da ita da Isufu, faɗinsa taku shida, muka shimfiɗa tsohon tamfol na babbar mota. Sai maganar ruwa. Ka san garin nan, wanda ya zuba ruwan famfo a ƙasa don doki ya taka, ba zai ƙara shiga taron suna da mutuncinsa ba, kuma ni kaina ba zan iya ba. Sai na bi gida gida ina roƙon ruwan ɗauraya, wanda aka gama wanki za a watsar. Maƙwabciyarmu Maryamu mai ɗinki ta fara kawowa, ranar Lahadi kafin ta tafi coci, ba ta tambaye ni komai ba. Dije ƴar Tawa ta tsaya a kan katanga ta ce, Madam, mi na ne wanga, karatun ya kai inda za a gina ma doki tabki cikin Arlit? Na ce mata in ta kawo nata ruwan zan sa wa tafkin sunanta. Da yamma sai ga ta da bido biyu cike da ruwan wanki, tana cewa ita dai ta zo ganin ƙarshen hauka. Rana na shanye rabinsa kafin azahar, kullum da safe sai matan layi sun sake cikawa. Ban taɓa sanin ana wanki da yawa haka a unguwarmu ba.

Gunya ta ƙi. Kwana tara tana zuwa bakin ruwan ta kafe, ta hura hanci, ta ja da baya. An gwada dusa, an gwada lallashi, Habsu ta shiga ta ja ragama har tafinta ya yi kanta. Rana ta tara ta zauna a ƙasa ta ce ta fasa, gara ta zauna gida da ta je ta kunyata sunanka.

Ka ga abin da na nema shekara goma sha ɗaya da suka wuce, an kawo mini shi a faranti ba tare da na yi ƙarya ba. Me zan ce maka? Ban ji daɗin ko ƙwayar gero ba. Na shiga ɗaki na ciro littafin daga ƙasan akwati. Na tuna akwai wurin da aka ce dokin da ke tsoro yakan bi tsohon da ba ya tsoro. Na je turke na kwance Akawal da hannuna, ni da ban taɓa riƙe ragamarsa ba.

Lawali, ko tsayawa bai yi ba. Tsohon nan da ƙyar yake kaiwa inuwar bishiyar bedi, da ya hango ruwa sai kunnuwansa suka miƙe gaba. Ya ja ni, ni na bi shi. Muka shiga har tsakiya, ya ɗaga ƙafar hagu, wadda ka fara ɗaure wa ƙyalle, ya yi ta bugun ruwan yana jiƙa mini zani. Gunya ta dube shi, ta sunkuyar da kai, ta biyo shi kamar dama jiran izini take. Matan da ke kan katanga suka ɗauki guɗa.

Habsu na dariya tana share ido. Sai ta ce, Inna, kin ga yadda yake son ruwa, da ƙafarsa ba ta ci amanarsa ba da Baba ya wuce.

A nan na faɗa mata, ina tsaye cikin ruwan wankin maƙwabta. Na jira matan suka sauka, na faɗa mata duka. Jan linzamin, da ƙyallen, da abin da na ce a gaban fada, da shafin da na naɗe. Na yi tunanin in tsaya a kan naka kawai, ka ga har a lokacin ina neman ƙofar baya. Amma in na ba ta naka ban ba ta nawa ba, na sake yi maka abin da na yi maka da tire a hannu. Ka yafe mini tona naka asirin. Ba zan iya barin ta ta hau doki da labarin ƙarya a bayan sirdi ba. In ta zo bakin ruwan nan zuciyarta ta ce ta ja linzami, gara ta san cewa ubanta ma ta faɗa masa haka, kuma ta san wa ya koya wa zuciyar tasa.

Ta fitar da dawakin, ta goge musu ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure su. Kwana uku ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa, a gidan Maryamu take cin abinci. Ban bi ta ba. Kullum da safe ina jin ƙarar ruwa a bayan gida, tana shiga da Gunya, da tafiya, da sassarfa, daga baya da tsalle daga kan tano.

Jiya bayan la'asar ina gyaran takardun ɗalibai ta shigo da littafin. Ta jawo turmin nan ta zauna, inda kake zama. Ta buɗe wurin da kusurwar ke naɗe, ta miƙo mini. Ta ce in karanta mata da Hausa, yadda ya kamata a ce na karanta maka. Na ce ai ta iya da kanta. Ta ce ta sani.

Na karanta. Muryar da ke kaiwa ƙarshen aji mai ɗalibi saba'in, jiya da ƙyar ta kai turmi. Da na gama ta tambaye ni shi ke nan. Na ce shi ke nan, layi ɗaya ne. Ta karɓi littafin, ta warware kusurwar, ta danne ta da babban yatsa har ta kwanta.

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, ba ni da fuskar. Amma da za ta fita ta ajiye mini dogayen takalmanka a bakin ƙofa, ta ce in cusa tsumma a ciki don sun yi mini yawa. Ta ce ta sa sunana a matsayin mai rakiya, kuma ranar zagayen fili in muka iso ruwan ni zan fara shiga, ita tana bayana. Na nemi hutun sati daga makaranta, an ba ni.

Har yanzu ina tsoro. Babin faɗuwa na nan a kaina, ba a rasa ko waƙafi ba. Ranar da za ta shiga daji zan tsaya a bayan igiya ina karanta duk addu'ar da na sani, kuma in wani abu ya same ta ban san wa zan tsine wa ba, kai ko Nasaran da ya ba ka sirdi ko ni. Ina kuma jin haushinka har gobe, da ka tafi ka bar ni da rabin magana a baki, da ba ka taɓa ɗaukar littafin nan ka kai wa wani ya duba maka ba. Me ya sa ka yarda da ni haka? Wa ya ce maka wanda ya iya karatu ba ya ƙarya?

Ka yi mini tambaya wata rana bayan la'asar, yatsanka a kan hoto, ban amsa ba. Ga amsar, ta makara, amma taka ce. Littafin ya faɗa, Lawali. An rubuta cewa ba a yarda ruwan ya kai gwiwar mutum ba. Da ka shiga, da Akawal ya fito da kai ɗaya gefen da jiƙaƙƙen wando kawai.

Ka huta lafiya. Allah ya haskaka makwancinka, ya yafe maka ƙyallenka, ni kuma ya dubi shafina da rahama. Takalmanka sun yi mini yawa, amma zan sa su, kuma zan jiƙa su.

Matarka, wadda ta iya karatu,
Rakiya